Kwalba Ta Uku

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta dawo daga gari da kwalabe biyar na baƙar tawada. Biyar. Na tambaye ta ko makaranta za ta buɗe, ta ce gwaji za ta yi, ta ga wadda ta fi. Na ce ta fi a me? Baƙi ai baƙi ne. Sai ta yi min murmushin nan nata na “Mama ba za ki gane ba”. Ni da takardar sakandarena ke cikin akwati har yau ko ƙura babu, ni ce ba zan gane tawada ba.

Bari in rubuta yadda muka yi, kada gobe wani ya ce ba haka aka yi ba. Wani kamfanin buga littattafan yara ya ba ta gwaji: zane shida na labarin wata mata da akuyar da ke cinye mata shanya. Za ta kai ranar Juma'a, 28 ga wata. In sun karɓa, su ba ta littafin gaba ɗaya. In ba su karɓa ba, ranar ɗaya ga wata mai kamawa ta fara aiki a kantin maganin mijin Yaya, innarta, ta ajiye wannan shirme. A gaban babanta ta amsa.

Shekararta ashirin da uku. Sa'o'inta na fita da safe da jaka a kafaɗa, ita tana zaune tana nazarin kunnen akuya.

Laraba, 5 ga Maris

Falona ya zama asibitin tawada. Ta yanka takardu dogaye guda biyar, ta ja layuka a kan kowace, sirara da masu kauri, ta sa musu lamba ɗaya zuwa biyar, kwalaben ma haka. Ta liƙa takardun a gilashin taga da salatef, ta rufe rabin kowace da kwali. Wai ta ga wadda rana za ta ci.

Babansu ya sa tabarau ya tsaya a gabansu hannu a baya kamar alƙali, ya ce shi dai lamba huɗu ta fi kwarjini. Mutumin da shekaranjiya ya fita da safa ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya, ya wuni bai sani ba. Shi ke ɗaure mata gindi tun tana ƙarama tana ɓata min bango da gawayi.

Asabar, 8 ga Maris

Yau ruwa aka sa wa marasa lafiyar. Ta kira ni in gani, na ce ina da aiki, amma hanyar kicin ta nan ta bi, dole idona ya kai.

Ta ce layi take fara ja, ya kwana ya bushe, sannan ta bi da jiƙaƙƙen burushi ta yi inuwa. In tawadar ba ta riƙe ruwa, layin sai ya narke, aiki ya lalace. Lamba biyu ruwa na taɓa ta ta bazu kamar kwallin mai kuka. Biyar ta ɗan yi taurin kai, daga baya ta fitar da wani shuɗi-shuɗi a gefe. Sauran ukun ba su motsa ba.

Na ce mata da za ta ba ɗinki ko girki rabin wannan hankalin da tuni ta zama mutum. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Talata, 11 ga Maris

Ɗigo uku a farin zanen teburina, wanda nake shimfiɗa wa baƙi. Na jiƙa, na sa sabulu, na sa ruwan zafi, na dirje har yatsuna suka yi fari. Yana nan daram. Na kai mata ina huci, ta juya shi ta duba, ta ce daga lamba uku ne. Sai na ga fuskarta ta washe.

“Mama, har da ruwan zafi bai fita ba?”

Murna take yi. Na yi mata tatas, ta ba ni haƙuri, amma bakin nan bai daina motsi ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Ina goge taga na ga lamba ɗaya ta fara ja-ja a ɓangaren da rana ke duka, irin jan da baƙin mayafi mai araha ke yi in ya sha shanya. Na faɗa ne kawai, ba don ya dame ni ba. Ta ɗaga kwalin ta kwatanta, ta ce wallahi ita ba ta lura ba, Mama kina da ido.

Ido kuma. Shekara talatin ina wanki. Na san baƙin da ke komawa ja, na san mai komawa kore, na san mai zuba ya ɓata na kusa da shi. Ban taɓa liƙa wannan sanin a taga don a yaba min ba.

Juma'a, 14 ga Maris

An yanke hukunci. Huɗun babansu ta faɗi, abin goge fensir na bi ta kanta ta koma toka-toka. Uku ce gwana. Kwana goma sha ɗaya don a zaɓi kwalba. Ni miji ma ban yi masa wannan binciken ba.

Asabar, 15 ga Maris

Yaya za ta zo, Auta ta fita sayen takarda, teburi kamar juji. Na tattara. Ɗaya da huɗu cike suke, na sa su a kwali. Biyu da biyar 'yan ƙanana ne, saura kaɗan-kaɗan a gindi, ita kuma uku babbar baƙar roba ce, na girgiza na ji akwai sauran wuri a ciki. Na juye biyu da biyar a cikinta na yar da kwalaben. Ba a almubazzaranci a gidana.

Da ta dawo ta tambayi ƙananan kwalaben, na ce na zubar, ba ita ta ce ba su da amfani ba? Ta ce haka ne.

Yaya ta ce mijinta ba zai riƙe gurbin nan har abada ba, masu so da yawa. Na ce ta kwantar da hankalinta, ɗaya ga wata tana nan tafe.

Talata, 18 ga Maris

Ta fara jan layi. Daga karin safe har rana ta juya, a sunkuye. Ta yi ƙorafin bakin alƙalamin na ɗan toshewa. Na ce mai son aiki ba ya rasa abin zargi.

Alhamis, 20 ga Maris

Na leƙa zanen da ta jera a kan gado. Akuyar dai akuya ce, ba laifi. Matar kuwa! Ta tsaya riƙe da ƙugu, gira a haɗe, ɗankwali ya zame gefe, hannun riga a naɗe. Har tabon ƙunar da ke bayan hannuna na hagu ta sa. Babansu ya yi dariya har da tari, ya ce ko a kasuwa ya ga matar nan zai kama kansa.

Rashin kunya ne. Uwarka ka sa a littafi tana faɗa da dabba.

Sau biyu na koma na duba hannun. Yaushe ta ƙare masa kallo haka?

Juma'a, 21 ga Maris

Ta gama layin duka shida jiya, yau ranar ruwa. Ina yankan albasa na ji shiru ya yi yawa. Na fito.

Fuskar matar ta narke. Girar ta gangaro kan kumatu, ga shuɗi-shuɗi a gefen kowane layi. Ta ɗauki na biyu ta taɓa kusurwa da burushi, haka. Na uku haka. Duka.

Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi. Ta ce ita ce ba ta iya gwaji ba, wataƙila ta rikita lambobin tun farko. Ta ce wanda ya kasa zaɓen tawada ina zai iya littafi. Ta wanke burushin ta kife a kofi, ta ce, “Mama, ki gaya wa Inna zan zo kantin ranar ɗaya ga wata.”

Shuɗin nan na san shi. Na lamba biyar ne.

Asabar, 22 ga Maris

Abin da nake so ke nan tun bara. Kuma ban yi da gangan ba, Allah ya sani. Gyaran gida na yi. Wa ya ce ta bar kwalabe a teburin cin abinci?

Yaya ta aiko da farar rigar kanti. Auta ta saka ta tsaya a gaban madubi, ta yi mata daidai. Babansu ya tashi ya fita tsakar gida.

Lahadi, 23 ga Maris

Ta ciccire takardun taga ta zuba a kwandon shara. Da ta shiga wanka na zaro mai lamba uku, na tsoma yatsa a kofi na ɗiga mata ruwa, na murza. Ko gezau. Na ɗauko zanen teburina na duba ɗigon nan uku. Yadda suke ranar farko.

Gwajinta daidai ne. Ba ta rikita komai ba.

In ta je kanti don kamfanin ya duba ya ce bai yi ba, wannan daban. Amma ta je tana ganin kanta wawiya, alhali... Ni na koya wa yaran nan cewa wanda ya fasa kofi shi zai kawo gutsattsarin da hannunsa. Na doki yayanta a kan ƙaryar da ba ta kai wannan ba.



Litinin, 24 ga Maris

Na kwafi sunan da ke jikin robar a takarda, na tafi shagon kayan zane da kaina. Wuri mai warin fenti, ko kujerar zama babu. Mai shagon ya duba takardar ya ce wannan sai ya hau sama, ya miƙo min wata daga gabansa. Wai, “Mama, ki ɗauki wannan, duk ɗaya ne. Baƙi ai baƙi ne.”

Raina ya ɓaci. Na tambaye shi tana riƙe ruwa? Rana na cin ta? In an bi ta da abin goge fensir tana tashi? Na ce mutum ya zauna cikin kaya shekara da shekaru bai san abin da yake sayarwa ba, wannan ba sana'a ba ce, gadi ne. Ya ɗauko tsani.

Na same ta a ɗaki tana ninke farar rigar. Na ajiye robar a gabanta, na ajiye takardar lamba uku kusa da ita. Na ce gwajinta bai yi ƙarya ba, ni na juye biyu da biyar a cikin uku ranar da innarta ta zo.



“Tun yaushe kika gane, Mama?”

Na ce tun Juma'a.

“Kika bar ni na sa rigar nan.”

Ba ta ɗaga murya ba. Na buɗe baki in ce ai ita ta bar teburi kaca-kaca, sai na fasa. Na ce saura kwana huɗu, in za ta zauna kallona ne to ta zauna. Na tafi kicin na tsaya gaban tukunyar da babu komai a ciki.

Can na ji ana jan kujera.

Talata, 25 ga Maris

Zanen fensir na farko suna nan, ashe ba ta yar ba. Tana ɗora sabuwar takarda a kansu a jikin gilashin taga, hasken safe ya ratsa, ta bi layin. Salatef yana yage takarda, don haka wani ya riƙe. Babansu hannunsa rawa yake. Ni ce dai.

Ba ta yi min magana ba sai “sama kaɗan” da “haka”. Kafaɗata kamar ta cire. Aikin banza ma ashe da wahala.

Alhamis, 27 ga Maris

Na ɗaura igiyar shanya a falo, nesa da rana, shida suna rataye. Kafin ta sa ruwa a na farko sai da ta dube ni. Burushi ya bi ta kan girar matar. Girar na nan a haɗe, ba ta je ko'ina ba.

Na ce inuwar ƙarƙashin kwandon wanki ta yi nauyi, jiƙaƙƙen kaya ba haka yake zama ba. Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, a gabana. Amma ta gyara.

Da rana ta ci abinci a kicin, a tsaye, ta tsinci nama daga kwanona kamar da.

Juma'a, 28 ga Maris

Ta kai. Editan kamfanin ya ce za su kira cikin mako. Ya daɗe a kan na huɗu, in ji ta, inda matar ke jan zani akuya na ja. Ni ban tambaya ba, babanta take ba labari da ƙarfi.

Asabar, 29 ga Maris

Na mayar wa Yaya farar rigar. Ta ce ai ba a ji daga kamfanin ba tukuna. Na ce ko an ji ko ba a ji ba, yarinyar da farcenta kullum baƙi ƙirin ba ta dace da miƙa wa mutane magani ba, su ba wani. Yaya ta kalle ni ta ce to.

Har yanzu ina ganin babba da hankalinsa bai kamata ya wuni zanen akuya ba.

Takardar lamba uku na mayar da ita taga, don salatef ɗin ya bar tabo a gilashin, gara a rufe.

Na buɗe farkon littafin nan da nake rubutu a ciki ina neman wani abu, sai na ga rubutun watan Janairu duk ya koɗe. Wannan biron da ake ce wa baƙi ba baƙi ba ne, wani ruwan hoda-hoda yake komawa. Kayan banza. Akwai tsohon alƙalami a kofinta da ba ta amfani da shi, ga kuma sauran lamba uku a robar.