Kujerar Kusa da Habsu

Madawa, daren Talata

Barci ya ƙi zuwa. Jibi za mu Yamai, mu hau jirgi in kai ɗiyata Habsu aikin zuciya. Na karanta biye, tikitin jirgin, da kaina, a hankali: ita can gaba, ni can wutsiya.

Na je wurin Hajiya Rabi, tunda ta taɓa hawan irinsa. Ta ce, "Ke, wannan an ƙara masa tsawo, kamar an jona manyan motocin kar uku. Ni da Alhaji ko hango juna ba mu yi ba!" Tana ta dariya.

Yarinyar da ko a motar zuwa Buza sai ta riƙe mayafina. In numfashinta ya sarƙe, wa zai sani?

Hajiya ta ce lamba ake bi, ba a musaya kamar a tasha. Ni dai na ƙulle cukun garin Ibohaman a bakin jaka. Duk wanda aka ba kujerar kusa da ita, zan gaishe shi, in miƙa masa, in roƙe shi mu yi musaya. In ya ƙi, zan tsaya bisa kansa har mu sauka.