Tozon Kawu Bai Fito Ba

Zuwa ga Kawuna,

Gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri. Ina fata ciwon idon ya yi sauƙi, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan lafiya lau, maigidana ya warke daga murarsa, 'yar autarmu kuma ta fara tafiya tana zubar mana da kaya.

Gwaggo, na san ke ce mai karanta masa, to bari in yi miki bayani kada ki sake cewa muna wasa da iska. Aikinmu shi ne mu harba ƙwayar furoton ta yi karo da niyutiron, wato ƙwayoyin da ke cikin zarra, a cikin inji, mu ƙirga ƙananan ƙwayoyin da ke fallatsowa, masu suna fayon. Idan a wani ƙarfin harbi adadinsu ya yi tsalle, sai layin zanenmu ya yi tudu, alamar wata sabuwar ƙwaya ta rayu na ƙiftawar ido. Kawu ya ga irin wannan tudu a tsohon inji tun yana da baƙin gashi, ya sa masa suna tozo. Har yau a ofis tozon Malam ake ce masa.

Kawu, kai ka koya mana mu rufe sashen zanen da ake sa ran ganin tozon har sai an gama duk gyare-gyare, don kada son zuciya ya karkata hannun mutum. Mun bi ƙa'idarka. Ranar Laraba muka taru a ƙaramin ɗakin taro mai fankar nan da ke kuka, shugabanmu ya ce ni zan buɗe, tunda 'yar gida ce. Na danna, layin ya fito sumul kamar tabarma. Tsohon mai kula da inji ya cire tabarau ya ce, "Wa zai gaya wa Malam?"

Abin da ya fi ci mini rai, gyaran da na yi ne ya share tozon. Na'urar ƙirge ta lokacinku tana ƙirga wasu ƙwayoyin sau biyu a daidai wannan ƙarfin. Na sake lissafin har na gaji, ina roƙon Allah ya sa ni ce na yi kuskure, amma ban yi ba. Wata mai zuwa kuma za a kwance injinmu, ba sauran damar sake gwadawa. Na so in kawo maka albishir tun idonka na iya ganin zanen, wallahi na so.

Ka gaishe mini da Gwaggo, da Yaya Babba da iyalinsa, da Inna ta ƙofar gida.

Za mu fitar da takarda mu shaida wa duniya cewa babu komai a wurin. Na rubuta sunanka da fensir a saman jerin marubutanta. Kai za ka ce in bari ko in goge.

Taka 'yar,
Uwar-tambaya