Maganin Jadawali

Damanhur, 12 ga Yuni

Zuwa ga matata Sana, Ummu Rudaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jikin Hajiya mahaifiyarki? Ina fata kumburin ƙafar ya fara sauka. Yaya zafin Asyut da gajiyar jinya?

Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba kya barina in kai aya. Direban motar safe zai kawo miki.

Kwana goma da suka wuce na je karɓo maganin 'yarmu Rudaina. Shekara biyu kina ce mini na tattara hankali ne, ban taɓa tambaya ba. Mai kantin maganin ya duba takardar likita, ya ɗaga murya: "Usta Fikri kafinta, wannan ai na jadawali ne, kawo katin shaida." Jadawali, Sana! Jerin nan da hukuma ta jera tramol a ciki. Hamdi mai aski yana bayana, ya ce, "Kai Usta, ashe sirrin saurin kafintancin ke nan? A san mana mana!" Aka kwashe da dariya. Na haɗiye, don in na ce na 'yata ne, kafin la'asar unguwa ta ɗauka.

Ban kai shi gida ba. Na juye shi a kwata, na ce wa Rudaina ya yanke a gari.

Kada ki tashi hankalinki. 'Yata ba 'yar ƙwaya ba ce, da kanta za ta rubuta jarrabawar gama sakandare ranar ashirin ga wata. Har ta fi cin abinci yanzu. Sai dai jiya ta ƙona tukunyar wake, kuma na tarar da ita awa guda a kan shafi ɗaya. Ina jin gajiya ce.

Ki gaida kowa. Mijinki,
Fikri

Damanhur, 15 ga Yuni

Ummu Rudaina,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Duk abin da kika kira ni a waya na ji, ban musa ko ɗaya ba.

Ba gajiya ba ce. Malamin lissafi ya yi musu gwaji, irin wanda ake cike da'ira da fensir. Ta tsallake layi ɗaya ba ta lura ba, duk amsoshin suka goce. Ta samu goma sha ɗaya cikin hamsin, alhali a takardar aikinta arba'in da biyu daidai ne. Ta dawo ba kuka, ta ce, "Baba, ashe dama ba ni ke karatun ba, ƙwayar ce." Sana, da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na kai ta wurin Dakta Mirfat. Likita ta ce, "Wane kanti ne ya ce ya yanke? Bari in kira su." Nan na faɗi gaskiya, a gaban yarinyar. Rudaina ba ta dube ni ba.

Daktar ba ta raga mini ba. "Usta, kana sa tabarau in za ka auna katako?" Na ce ina sawa. "To shi yake auna maka? Maganin nan ba ya zuba ilimi a kai. Riƙe hankali yake yi ya zauna, awa takwas ko goma, sannan ya sake. Cikin mutum goma yana yi wa kamar bakwai, 'yarka tana cikinsu. Yana rage cin abinci, yana iya taɓa barci, shi ya sa nake auna ta duk wata. An sa shi a jadawali ne don kada masu lafiya su yi wasa da shi."

Sai da na rubuta da hannuna cewa ni na zubar, sannan ta ba da sabuwar takarda. Ga abin da ke hana ni zama: na zaga Damanhur kaf, yanzu da gaske ya yanke. Saura kwana biyar.

Ki sa mu a addu'a.
Fikri

Damanhur, 21 ga Yuni

Sana,

Gaisuwa gare ki da Hajiya, ina fata kuna lafiya.

Kwana huɗu na rufe shago ina hawa jirgin ƙasa zuwa Iskandariya. Ni da na ji kunyar kalma ɗaya a gaban mai aski, na shiga kanti ashirin da uku ina cewa, "Akwai na jadawali? Na 'yata ne." Wani yaro mai farar riga ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kowa ma na 'yarsa ne, Baba." Ban ko yi fushi ba.

Jiya da hantsi na samu, a wani lungu kusa da tasha. A lokacin ta riga ta shiga jarrabawar Larabci.

Na tsaya a ƙofar makarantar cikin iyaye, kwalin yana aljihuna. Da ta fito na tambaye ta yaya. Ta ce, "Na sa rula a kowane layi, ban tsallake ba. Amma fankar ɗakin tana ƙara, na yi ta jin ta. Tambaya tara na bari, lokaci ya ƙare." Kin san maki biyu ma yana hana mutum shiga fannin injiniya, balle tara. Akwai sauran takardu huɗu, lissafi ranar Talata, kuma yau ta zauna awa uku ba ta ɗaga kai ba. Amma taran nan sun tafi, kuma ni na zubar da su.

Ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Da na miƙa mata kwalin a bakin titi, ta ce, "Na gode, Baba." Sannan ta buɗe, ta ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a gabana, har talatin. Ta sa a jakarta. Yau da safe na ga ta shiga banɗaki da jakar a kafaɗa.

Ki roƙi yayarki ta karɓe ki jinyar, ki dawo. Tana bukatar wanda za ta iya ajiye jakarta a gabansa.

Mijinki,
Fikri