Kalmasar Rigar Gajera

Baban Gajera,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin walda? Ina fata idon nan naka ya daina ruwa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ma da sauƙi, ta ce a gaishe mata da ɗanta.

Wasiƙarka ta iso. Na ga inda ka ce kamfani ya ɗan ƙara wa'adi saboda gadar ba ta haɗu ba. To, Allah ya haɗa ta. Wata shida ka ce mana ranar da za ka tafi, ban manta ba, amma ba zan yi maka mita a kan ɗan ƙari ba.

Ka tuna rigar nan ruwan ɗorawa da ka sayo wa Gajera, ka ce da ita za ta tarye ka a tasha? Ka sayo ta da girma, yadda ka saba sayen komai ba awo, na kalmashe ƙasanta ninki uku na sa a akwati. Jiya na gwada mata, ta ɗangale. Na warware ninki ɗaya na bi da keken ɗinki. Sunan da ka laƙa wa yarinyar nan ya fara zama ƙarya.

Ka kula da kanka.

Taka,
Maman Gajera

Baban Gajera,

Bayan gaisuwa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Muna nan yadda ka bar mu, sai dai wasunmu sun ƙara tsawo.

Na lura kamfaninku ba ya rasa kalma. Da farko ƙarin wa'adi ne, sai aka ɗage ranar gamawa, sai aka jinkirta sallama, yanzu kuma an tsawaita kwangila. Ni tela ce, ban yi zurfin karatu ba, amma na juya su ciki da waje na ga duk ɗinki ɗaya ne: ba ka zuwa.

Bari ka ji abin da 'yarka ta yi. Malamarsu ta tambayi kowa inda babansa yake, Gajera ta miƙe ta ce nata yana wani gari da ake kira Tsawaita. Ba laifinta ba ne. Duk wanda ya leƙo shago ya tambaye ka, kalmar da take ji a bakina ke nan. Da malamar take ba ni labari mun yi dariya har da riƙe ciki. Tana fita na kifa kai a kan keke na yi kuka.

Kuma direban tifarku ya zo hutu, na haɗu da matarsa a wajen sayen zare. Ashe ba dole ake yi wa kowa ba, tambaya ake yi, mai so ya zauna. Na san abin da za ka ce, domin mu kake yi. Ka taɓa tambayar mu?

Na warware ninki na biyu. Raina a ɓace yake, gara ka sani.

Maman Gajera

Baban Gajera,

Ina gaishe ka, don gaisuwa haƙƙinka ce. Ina fata lafiya kake.

Na karanta taka. Ka ce in ƙara haƙuri, wannan ne na ƙarshe. Na bara ma na ƙarshe ne.

Tun watan jiya na warware ninki na uku, yau kuma rigar ta tsaya mata a saman gwiwa. Ba sauran kalmasa. Inna ta ɗauko wani ƙyalle ta ce in jona a ƙasa, ba wanda zai gane. Ban taɓa yi wa Inna musu ba tun da na shigo gidan nan, amma yau na ce mata ba zan jona ba. Na iya, ka fi kowa sani, sana'ata ce. Na ƙi ne. Duk ninkin da na warware, ni nake taya ka ɓoye cewa yarinyar nan tana girma ba ka nan. Haƙoranta na gaba sun fita sun sake tsirowa. Shekaranjiya ta ɗauki hotonka ta tambaye ni ko muryarka babba ce.

Kada ka aiko min da wata kalma. Na rufe shago, na mayar wa masu ɗinki yadinsu. Ranar Asabar za mu hau mota ni da ita. Ba masauƙinka za mu nufa ba, ƙofar kamfani za mu tsaya lokacin tashi daga aiki, inda kowa zai gan mu. Za ta sa rigar yadda take, gwiwa a waje.

Na gaya mata Tsawaita za mu je, tana ta murna. In ka fito ka ga wata doguwa cikin rigar da ta yi mata kaɗan, ita ce Gajera. Sai ka gaya mata da bakinka yaushe za ka dawo gida.

Matarka har yanzu,
Maman Gajera