Ku Cire Tsagata Daga Bangon Mayanka

Zuwa ga Farfesa, shugaban masu binciken tarin shanu da suka yi aiki a mayankarmu ta Agege.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, ni ne Sama'ila Bagobiri, mahauci mai tebur a layin 'yan kayan ciki. Na je ofishinku ban same ku ba, na bar saƙo shiru kake ji, shi ya sa na fito fili.

Ba zan ɓoye alherinku ba. Kun zo bayan babbar sallah, kun duba huhun shanu, kun gwada mu, kun nuna cewa tarin da ke cin saniya yana iya kama mai feɗe ta da mai shan nonon da ba a tafasa ba. Kuka ce dogon Turanci ba zai shiga kan mahauta ba, gara a zana a bango. Gaskiyarku. Yau huhu mai ƙulli-ƙulli rami ake kai shi, alhali a da wurin kawai muke yankewa mu sayar da sauran. Amma ga abin da bangon ya yi mini.

Na farko, mai zanenku ya roƙi ya ɗauki hotona don ya ga yadda mahauci ke riƙe wuƙa. Na yarda, har da gyara zaman hula. Ya yi alkawarin ba zai sa suna ba, kuma bai sa ba. Sai dai ya kwashe tsagar fuskata tsaf, daga gefen baki har kunne, wai tana ƙawata zane. Farfesa, a wurinmu tsaga ta fi suna. Sama'ila barkatai ne a kasuwar nan, amma mai wannan fuskar ni kaɗai ne a layinmu.

Na biyu, ku dubi rabon da aka yi. A hagu ga ni ina damƙar ruɓaɓɓen huhu da hannu tsirara, a tsakiya ga ni kwance kan tabarma, haƙarƙari a waje, ina tarin jini. Mai lafiyar da ke dama, mai safar hannu da takalmin roba, fuskarsa sumul kamar ƙwai, ba ta kowa ba ce. Gwajinku ya nuna lafiyata ƙalau, amma a cikin rumfa aka raɗa mini wannan, ni kaɗai. Ciwon da ba ni da shi kuwa, ga shi a bango ya fi ni tsawo.

Na uku, abinci. Al'adarmu ce bayan azahar 'yan layi mu kewaye tire ɗaya na shinkafa da wake. Ba wanda ya kore ni, mutanenmu suna da kunya. Wata rana dai aka miƙo mini nawa a kwano daban, kamar ana girmama ni. Daga baya aka ware mini buta. Idan hayaƙin babbakar ganda ya sarƙe ni na yi tari, sai layi ya yi tsit.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Iya Sikira, Bayarabiya mai sayar da amala, wadda ta daɗe tana sayen tumbi a wurina. Kun san Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne. Kullum tun daga nesa take ihu wai kyanwa ce ta yakushe mini fuska, ni kuma in ce baiwata ta kawo gaisuwa. Yanzu daga nesa take cewa "Pele, oga", wato sannu maigida, cikin ladabi, ta wuce teburin gaba. Wallahi zagin ya fi mini daɗi. Iyalina suna Sabon Birni, wani ya tura wa matata hoton bangon ta waya, ta kira ni tana kuka wai ina ɓoye mata ajalina. Shekaruna a Legas ban taɓa jin ni baƙo ba ne sai bana. Ina kewar mutanen da nake gani kullum.

Ba na neman a rushe bango, yana ceton rai. Ina roƙon a shafe tsagar nan. Ku zo da lasifika ku faɗa da Hausa da Yarbanci cewa kun gwada ni lafiyata lau, na yafe sirrin. Nan gaba kuma, kafin a ari fuskar mutum, a gaya masa abin da za a sa ta yi.

Roƙona na ƙarshe shi ne babba. Na san mutanena, fenti da lasifika ba za su ishe su ba. Ku zo bayan azahar, ku wanke hannu, ku zauna ku ci tire ɗaya da ni a gaban kowa. Shinkafar tana wuyana.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya sa bincikenku ya amfani jama'a, Ya kuma tsare ku da cin abinci ku kaɗai a tsakiyar mutane.

Wassalam.

Sama'ila Bagobiri,
Layin 'yan kayan ciki, Agege.