Zoben Buroshi Ke Cin Gashin Kibauna, Kawu Yana Zargin Hannunsa

Anti, ki taimake ni don Allah, na ɗauko abin da ya fi ƙarfin kaina. Ni tela ce, amma duk Asabar ina zuwa filin ƙungiyarmu ta harbin baka. Kawuna ne ya koya mini, kuma shi yake ɗaura wa kibauna gashi. Gashin talotalo yake samowa, ya tsaga da wuƙa, ya manna da gam, ya naɗe da zare siriri. Shekara arba'in yana wannan aiki.

A jikin baka akwai wurin da kibiya take kwanciya kafin a sake ta, muna ce masa mazauni. Nawa 'yar fata ce mai gashi da Kawu ya manna da hannunsa. To ni matsalata, ina jan tsarkiya sai kibiya ta zame ta faɗi. A gasar bara sau uku ta faɗi a gaban jama'a, wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai wata ƙawata ta ba ni irin na zamani, zobe ne mai buroshi a ciki, yana riƙe kibiya gam. Na ɓanɓare fatar Kawu, na jefa ta a gwangwanin maɓallai, na ɗaura zoben. Harbina ya gyaru, ba zan yi ƙarya ba.

Amma buroshin yana cin gashin. Harbi ashirin, talatin, sai ki ga gashi ya yamutse, wani ya ɗago daga gindi. Ni kuma sai in kwashi kibau in kai wa Kawu, in bar bakan a shago, don na san bakinsa. Mutum ne da yake yi wa masu irin waɗannan kaya dariya, wai sun rataya wa baka kayan keke. Wata biyar ke nan yana gyarawa suna lalacewa. Ya canja gam, ya canja zare, har tabarau ya canja.

Ranar Laraba na tarar ya tattara wuƙarsa da zarensa da sauran gashin a kwalin takalmi. Ya miƙo mini, ya ce in nemi wani, hannunsa ya ƙare. Da aka kawo shayi, da hannu biyu ya riƙe kofin don kada in ga rawar da hannun yake yi. Anti, na karɓi kwalin na fito ban faɗa masa gaskiya ba! Yanzu yana ƙarƙashin keken ɗinkina, ina taka keke ina shurinsa. Saura sati uku gasa. Wane mazauni zan sa da ba zai ci gashi ba, kuma kibiya ba za ta faɗi ba? In na canja a ɓoye komai ya daidaita, dole ne sai na faɗa masa?

Taki,
Mai Kwali A Ƙarƙashin Keke

AMSA

'Yar'uwa, bari mu fara da mai sauƙin. Zoben ba mugun abu ba ne, ya dai fi dacewa da kibiya mai fiffiken roba. Gashin tsuntsu yana son abin da zai ba shi hanya: fata mai gashi irin ta Kawu, ko siririn ƙarfen nan da yake kaucewa idan kibiya ta wuce, ko wanda yake faɗuwa da zarar an saki tsarkiya, in bakanki zai ɗauke shi. Kowanne kika sa, ki shafa jan-baki a gefen gashin ki harba, ki duba inda ya bar alama, nan yake gogawa. Gashin da ya yamutse kawai, tururin buta yakan miƙar da shi.

Ban ga laifinki ba da kika gudu daga kunyar bara, kuma dariyar Kawu ce ta sa kika kasa yi masa magana. Wannan laifinsa ne. Sai dai zamewar kibiya sau da yawa daga yatsu take, idan ana matse gindinta ko ana murɗa tsarkiya. Wanda ya koya miki harbi zai gane wannan a kallo ɗaya, da kin nuna masa.

Batun canjawa a ɓoye kuwa, a'a. Kibanki za su warke, amma shi zai ci gaba da riƙe kofi da hannu biyu. Wataƙila hannun ya fara rauni da gaske, kuma ya kamata likita ya duba rawar nan. In zai ajiye wuƙarsa, ya ajiye ta a kan gaskiya.

Don haka kada ki cire zoben tukuna. Gobe ki ɗauki bakan yadda yake, da kwalin, da 'yar fatar nan ta cikin maɓallai, ki je. Ki yi ta harbi a gabansa har gashin ya yamutse, ki miƙa masa kibiyar ya gani da idonsa, sannan ki ba shi haƙuri. Zai yi faɗa, zai kuma yi miki tsiya har shekara ta zagayo. Ki shanye. Ki bar shi ya zaɓar miki mazaunin, kwalin kuma ki manta shi a ɗakinsa.

Allah Ya ba ki sa'a a gasa, Ya ƙara wa Kawu lafiya.