Na Yar da Ƙarfe, Na Fasa Baki

Daren Asabar, Dutse

Yau aka yi gasar ɗaga ƙarfe. Na ciro shi har ƙugu, jijiyar wuyana kamar ta tsinke, sai na yar da shi yadda muke yi da namu na siminti a yashin Yalwawa, inda muke atisaye. Ashe sai alƙali ya ba da izini ake saukewa. Ya ce, "Sabo, ka faɗi."

Wani ƙato ɗan Jahun ya tuntsire da dariya: "A koma ɗaukar buhun gero!"

Ban san lokacin da na kai masa naushi ba. Bakinsa ya fashe, jini har rigata, aka yi waje da ni.

Haƙorinsa ya tsaga min hannu. Yanzu biron nan ma da ƙyar nake ɗaga shi.